Ƙarfen Da Ya Bugi Gide

Saudatu na tsaye bayan asabarin zaure, riƙe da ƙwaryar furar da ta dama wa mijinta, lokacin da abin ya faru. Ba labari aka ba ta ba, da idonta ta gani.

Hantsi ne na farkon damina a Ƙanƙara. Tirelar Alhaji Barau, wan mijinta, na tsaye a ƙofar gida, irin mai shimfiɗaɗɗen bayan nan da ba ta da bango, an jera mata manya-manyan bututun siminti na kwalbati da za a kai aikin hanya wajen Sabuwa. Shekarun da kuɗin mai ya malalo ƙasa ne, ko'ina ka duba ana haƙa ana gini, mai babbar mota ba ya rasa kayan ɗauka. Irin wannan kaya igiya ba ta riƙe shi, sai sarƙa. A jefa ta ta saman kayan, a maƙale ta gefe da gefe, sannan a kawo ƙarfen ɗamewa, wani ƙarfe mai ƙugiya biyu da dogon hannu. In aka ja hannun ya kwanta, sai sarƙar ta ɗame tamau. Aikin Gide ke nan, mijin Saudatu. Audi direba ke tuƙi, Gide ke ɗaure kaya ya bi mota, Alhaji kuwa shi ke da motar, shi ke da gidan da duk suke ciki.

Sarƙar ƙarshe ce ta ƙi. Gide ya ja hannun ƙarfen, ya kai rabi ya cije.

"Yaya, bari in sake shi in sassauta zobe guda. Ta yi tsauri da yawa."

"Ka sassauta mi? Kaya su zube mani a hanya?" Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa. Ya zaro wani bututun ƙarfe daga ƙarƙashin mota, ya zura shi a hannun ƙarfen don ya ƙara masa tsawo. "Rana na yi, mutane na jirana. Riƙe mani ƙugiyar nan kar ta zame."

"Yaya, bututun nan ba shi da amana. In ya kuɓuce..."

"Riƙe na ce!"

Gide ya duƙa ya riƙe, kansa daidai da ƙarfen. Alhaji ya ɗora nauyinsa duka a kan bututun, sarƙa ta shiga kuka, bututun siminti suka yi ƙara. Saura ƙiris hannun ya kwanta sai takalmin Alhaji ya zame a laka. Ya saki. Ƙarfen ya dawo da duk ƙarfin da aka danna masa, ya sami Gide a gefen kai, saman kunnen hagu. Saudatu ta ji ƙarar kamar an buga tulu da taɓarya. Ƙwarya ta suɓuce mata, fura ta malale a ƙasan zaure.

Audi da Alhaji suka ciccibo shi suka shigo da shi. Inna, mahaifiyar Alhaji da Gide, ta fito da gudu ba ɗankwali tana salati. Aka yayyafa masa ruwa, can ya buɗe ido, ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ba komai. An ɗaure ta?"

"Tuntuɓe ya yi, ya bugi gefen mota," in ji Alhaji, tun kafin a tambaye shi. Ya dubi Audi. Audi ya dubi ƙasa.

Ciwon bai da girma a ido, ɗan tsagu ne da kumburi. Inna ta gasa shi da ruwan zafi, ta shafa man shanu, ta ɗaure da tsumma. Kafin azahar mota ta tashi, Alhaji da kansa ya shiga gaba.

Kwanakin farko Gide ya yi ta yawonsa a tsakar gida, har yana ɗaukar ɗiyarsu Khadijatu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, yana yi mata wasa. Ciwon kai ne kawai, in ji shi. Amma ciwon kan bai sauka ba. Ya zama in ya ci abinci sai ya dawo da shi. Hasken rana ya fara damunsa, sai ya shige ɗaki ya rufe fuska da zane. Wani ruwa-ruwa mai haske na ɗiga daga kunnensa ya ɓata matashi. Wata safiya Saudatu ta miƙa masa koko, kofin ya zame daga hannunsa na dama, ya bi hannun da kallo kamar na wani ne.

Ta sami Inna a madafa. "Inna, ciwon nan na Malam ba na gasawa ba ne. Da an kai shi asibitin Funtuwa."

"Sai Alhaji ya dawo. Shi ke da mota, shi ke da magana."

Alhaji ya dawo, ya leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, ya ce rana ce ta doke shi, a ba shi jiƙo. Ya aiko da gwangwanin madara da ƙwayoyin ciwon kai daga kanti. Ya sake tafiya.

Ranar wata Juma'a, Saudatu na wanki a bayan ɗaki, Gide ya fice ba ta sani ba. Daga shi sai wando. Ya bi hanya yana jan ƙafar dama har bakin masallaci, daidai lokacin da ake fitowa. Ya kutsa cikin mutane ya kama rigar wansa, yana faɗa da ƙarfi, "Yaya, bututun nan! Na ce maka kar ka sa bututun nan!" Sannan ya zube yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa, a gaban manyan gari da 'yan kwangilar da Alhaji ke gaisawa da su.

Da yammar ranar labari ya canza. Ba tuntuɓe ba ne kuma. Alhaji ya tara mutanen gida a tsakar gida ya ce ya yi bincike, an gano masa. A tafiyarsu ta ƙarshe, wai, sun tsaya wajen 'Yargoje, Gide ya je ya yi bawali a gindin wata tsamiya ba tare da ya yi bisimilla ba. Mutanen ɓoye ne suka biyo shi gida, su suka tura shi ya bugi mota, su ke magana da bakinsa yanzu.

"Duk abin da kuka ji ya faɗa, ba shi ba ne," in ji Alhaji. "Kuma kar wanda ya sake yi mani zancen asibiti. Allura tayar da su take yi. Kuna so a kashe mani ƙane?"

Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Saudatu ta buɗe baki, ta ga idon Alhaji a kanta, ta rufe.

Akwai wani ɗaki can ƙuryar gida, kusa da garken awaki, inda ake ajiye tsofaffin tayoyi da garewanin baƙin mai. Nan aka share gefe guda aka shimfiɗa tabarma. Alhaji ya fita wajen mota ya dawo da sarƙa yana jan ta a ƙasa. Ya naɗa bakinta ɗaya a wani tsohon ƙarfen taya da mutum biyu ba su iya ɗagawa, ɗaya bakin ya zagaya a ƙafar ƙanensa ta hagu, ya datse da kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu.

"Don lafiyarshi ne," ya ce, yana share hannu da rigarsa. "In ya faɗa rijiya fa? In ya shiga gaban mota? Ni za a tambaya."

Gide bai yi gardama ba. Barci yake yi.

Daga nan rayuwar Saudatu ta koma tsakanin madafa da ɗakin tayoyi. Ita ke ba shi kunu da ludayi, rabi ya shiga rabi ya zubo ta gefen bakin da ya karkace. Ita ke kwashe abin da ya yi, ta wanke shi, ta canza tabarma. Ɗakin na yoyo, ga warin baƙin mai, ga sauro. In abin ya motsa masa ya yi ta fizge-fizge, sarƙar ta ci fatar idon sawunsa. Ta yagi tsohon zanenta ta cusa tsakanin ƙarfe da fata, amma kafin wani lokaci tsumman ya jiƙe, wurin ya zama gyambo, ƙudaje suka same shi.

Alhaji ya ɗauko wani mai magani daga Pauwa, dogo mai jajayen idanu da jakar fata. Ya sa aka rufe ƙofa da taga, ya zuba barkono da wasu saiwoyi a garwashi, ya tura kaskon gaban fuskar Gide. Saudatu na waje tana jin tarin mijinta, tana jin saukar tsumagiya, tana jin mutumin na daka tsawa, "Faɗi sunanka! Daga ina ka fito?" Gide kuwa, cikin shaƙewa, sai cewa yake, "Gide ne. Ni ne Gide."

"Kun ji taurin kansu ko?" in ji mai maganin da ya fito yana share gumi. "Sun ɗauki sunanshi ma. Sai na sake dawowa."

Aka ba shi rago da shaddar ɗinki. Maƙwabta suka yi ta yabon Alhaji, suna cewa ba kowane wa ne zai yi wa ƙanensa irin wannan hidima ba.

Wani lokaci hankalin Gide kan dawo, kamar rana ta leƙo cikin hadari. Wata la'asar Saudatu na wanke masa shatar bulala a baya, sai ta ji ya ce a hankali, "Saude."

Ta zagayo gabansa da sauri. Idonsa ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, amma ita yake kallo, ya kuma gane ta.

"Na'am, Malam. Ga ni."

Ya kai hannun hagu ya shafa sarƙar, ya bi zobban da yatsa har ya tsaya a kan wani da aka taɓa yi wa walda. "Wagga ta motarmu ce. Ni na kai ta aka gyara a Faskari. Ba a ɗame ta haka a kan abu mai rai, Saude. Ko shanu muka ɗauka, igiya muke sa masu."

Ta tsoma tsumman a ruwa ta matse.

"Mi na yi wa Yaya?"

"Ba ka yi mashi komai ba."

"To ki ba shi haƙuri. Ki ce kaina ke ciwo. Nan." Ya ɗora tafinsa a saman kunne. "Kamar ana hura mani iska a ciki." Khadijatu ta tako ta tsaya a bakin ƙofa tana tsotsar yatsa. Ya dube ta ya yi murmushi da rabin fuska. "Ɗiyar wa ce wagga?"

Saudatu ta ajiye tsumman ta fita. Ba ta tsaya neman izini ba, ta wuce har turakar Alhaji, inda ba ta taɓa takawa ba tun da aka kawo ta gidan. Yana zaune a kan kilishi yana murɗa sabuwar rediyo. Ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Alhaji, don girman Allah, a kai shi asibiti. Ba iska ba ce. Ina bayan asabari ranar nan. Na ga ƙarfen."

Ya kashe rediyon.

"Kin ga ƙarfen. To, sai aka yi yaya? Ni na ce ya sa kanshi a wurin? Ƙaddara ce, ko ba ki yarda da ƙaddara ba?"

"Na yarda, Alhaji. Amma magani..."

"Kin san abin da ake yi a asibiti in an kai mutum da fasasshen kai? 'Yan sanda ake kira. Su riƙe mota, su riƙe direba, aiki ya tsaya, kamfani ya ba wani. Tuwon da kike ci, da wanda kike ɗura mashi, daga ina yake fitowa? Daga tsamiya?" Ya gyara zama. "Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da yaron nan. Ke baƙuwa ce a kanshi. In zaman ya ishe ki, hanyar Damari a buɗe take, gobe in sa a kai ki gidanku. Amma ɗiya tamu ce, nan za ta zauna."

Saudatu ta tashi. In ta tafi, wa zai riƙe ludayin? Wa zai kori ƙudan? Ta koma ɗakin tayoyi ta ɗauki tsummanta.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Gide ya daina fizge-fizge, ya daina kiran bututu. Barci yake yi yawancin yini, in an tashe shi ya haɗiyi ruwa kaɗan ya koma. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun mutu sarai. Mutumin da ke ɗaga sarƙa biyu a kafaɗa ya hau bayan tirela da tsalle ɗaya, yanzu Saudatu ke juya shi da hannu ɗaya kamar dami. Ƙafar ta rame har sarƙar ta yi mata yawa, amma ba ta wuce dunduniya. Ko tsayuwa ba ya iya yi, balle ya faɗa rijiya. Ta roƙi Inna ta sa baki a cire.

"Mai magani ya ce lafawa suka yi, dabara ce," in ji Inna, ba ta dube ta ba. "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Alhaji ya fi mu sanin duniya."

Wata rana da hantsi Audi direba ya yi sallama ya shigo ɗaukar taya. Tun ranar da abin ya faru bai sake taka cikin gidan ba. Ya tura ƙofar ɗakin, wari ya buge shi, idonsa ya sauka a kan tabarma. Ya yi baya ya jingina da bango.

"Inna lillahi. Gide ne wannan?"

"Shi ne, Malam Audi," in ji Saudatu daga inda take durƙushe. "Kai ma kana wurin. Ka faɗa wa mutane abin da ka gani."

"Ni ɗan aiki ne, matar Gide. Ina da iyali. In na buɗe baki wa zai yarda da ni a kan Alhaji?" Hawaye na bin gemunsa. "Ya sha hana ni sa bututun nan. Kullum cewa yake, ka tsaya gefe, ka ja da hannunka, in ta ƙi ka sassauta. Shi da ke hana wasu..."

"To ban ce ka yi magana ba. Kana bi ta Sabuwa. Ka ratsa Damari ka nemi wana Sha'ibu, mai gyaran keke a bakin kasuwa. Ka ce mashi in yana so ya tarar da mijina da rai, ya zo."

Audi ya ɗauki tayarsa ya fita. Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, shiru. Saudatu ta fidda rai. Ashe tsoro ne ya riƙe Audi tafiya biyu, a ta uku ya tsayar da mota a bakin hanya ya taka da ƙafa ya isar da saƙon.

Sha'ibu ya iso da rana tsaka a kan keke, laka har gwiwa. Alhaji na Kaduna, mabuɗi na aljihunsa. Sha'ibu ya gaida Inna a ladabce, ya ce a nuna masa majinyaci. Da ya fito daga ɗakin, ya nufi inda ake faskare ya ɗauko gatari.

Inna ta tare ƙofa. "Ɗana, ku jira Alhaji. Gobe ko jibi yana nan. Kar ku ja mani abin da ba zan iya ba."

"Inna, ki gafarce ni. Ko akuya na tarar haka sai na kwance ta."

Ya ɗora kwaɗon a kan dutse, Saudatu ta rufe ƙafar mijinta da jikinta, ya sara har ya tarwatse. Ya fita ya nemo akori-kura a tasha. Suka shimfiɗa Gide a baya, kansa a cinyar Saudatu, Khadijatu goye a bayanta. Matan maƙwabta na leƙe ta kan katanga. Inna ta tsaya a zaure, ba ta hana ba, ba ta bi su ba.

A asibitin Funtuwa likita ya haska idanun Gide da ƙaramar tocila, ya shafa gefen kansa, yatsunsa suka tsaya a inda ƙashin ya lotsa. Ya ɗaga zane ya ga bayan, ya ga ƙafar. Ya yi magana da Turanci cikin faɗa, wata ma'aikaciyar jinya ta mayar masu da Hausa, ta rage zafin.

"Ya ce mi ya bugi mutumin nan?"

"Ƙarfen ɗaure kaya," in ji Saudatu. Karo na farko ke nan da wani ya tambaye ta.

"Ya ce ƙashin kai ne ya fashe, jini ya yi ta taruwa a ciki yana danne ƙwaƙwalwa. Shi ya kawo faɗuwar da ruɗewar. Da an kawo shi da wuri, aiki ne da ake yi a Zariya, a zuƙe jinin, mutane da yawa na tashi. Ya ce ina kuka kai shi duk tsawon wannan lokaci?"

Saudatu ta dubi Sha'ibu. Sha'ibu ya dubi bango.

Aka wanke gyambon, aka ɗaura masa ruwa, aka ce su wuce Zariya ko Allah zai sa a dace. Ba su kai ba. Sun wuce Giwa kaɗan Saudatu ta ji nauyin kan ya canza a cinyarta. Ta kira shi, ta sake kira. Ta shafa masa ido ta rufe, ta buga bayan gilashi ta ce wa direba ya juya.

Jana'izar ta tara jama'a, har daga Faskari da Funtuwa. Alhaji ya dawo a kan lokaci, ya yi kuka a bakin kabari har sai da aka riƙe shi, kuma kukan gaske ne, wannan ba wanda zai ce ƙarya yake. A zaman makoki ya gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi cewa magani ya fara kama yaron, saura kaɗan, sai dangin matar suka fasa gida suka ɗauke shi aka je aka yi masa allura. "Na faɗa, na faɗa. Amma na yafe masu. Jahilci ne." Mutane suka girgiza kai suka ce Allah ya ba shi ladan haƙuri. Ba wanda ya tambayi abin da ya lotsa kan mamacin, ko da yake waɗanda suka yi masa wanka sun gani. A gari irin wannan, in mai gida ya ce iska ce, to iska ce. Iska ba ta da ƙofar gida da za a je a yi mata sallama, ba a kai ta gaban alƙali, ba ta da motar da za a riƙe. Ɗakin tayoyi aka share aka zuba sabuwar ƙasa.

Saudatu ta shiga takaba a ɗakinta. Mata na shigowa gaisuwa rukuni-rukuni, kowace ta zauna sai ta ce, "Allah ya jiƙan Gide. Allah ya raba mu da sharrin mutanen ɓoye."

Ita kuwa sai ta amsa, "Amin. Amma ba iska ba ce. Ƙarfen ɗaure kaya ne ya buge shi, Alhaji na riƙe da shi ya kuɓuce. Aka hana shi asibiti, aka ɗaure shi da sarƙa har ya lalace."

Ba ta ɗaga murya, ba ta kuka. Haka ta faɗa wa matar liman, haka ta faɗa wa mai kitso, haka ta faɗa wa gwaggonnin da suka zo daga Pauwa. Wasu su yi tsit, wasu su tashi ba shiri, wasu su dafa ta su ce ta yi ta salati. Kafin sadakar bakwai magana ta zaga gari cewa abin da ya kama Gide ya koma kan matarsa.

Wata safiya Inna ta ɗaga labule ta shigo riƙe da kasko, garwashi na ci, wani ƙullin magani a ɗaya hannun. Ta tsufa a 'yan kwanakin nan, wuyanta ya zama kamar igiya.

"Alhaji ya ce a fara yi maki hayaƙi. In bai yi ba, a kira mutumin Pauwa."

Saudatu ta janyo Khadijatu jikinta. "Inna, ki dube ni. Kin san lafiyata lau."

Inna ta ajiye kaskon a ƙasa. Ta zauna a bakin gado. Ta dubi garwashin.

"Na sani," ta ce da ƙyar. "Ni na gasa ciwon nan ranar farko. Yatsana ya faɗa cikin ramin. Na haifi 'ya'ya, na ga faɗuwa iri-iri, na san tuntuɓe ba ya yin haka." Ta share ido da bakin zane. "Maza biyu Allah ya bar mani. Ƙasa ta karɓi ɗaya. So kike bakin duniya da hukuma su karɓe mani ɗayan? Ki yi shiru, ɗiyata. Don Allah ki bar mani wanda ya rage."

Saudatu ta dubi tsohuwar, tausayinta ya kama ta. Amma ta ce, "Inna, ranar da yatsanki ya faɗa ramin nan, duka biyun suna da rai."

Ƙullin na hannun Inna, ba ta kwance ba, ba ta kuma ajiye ba. Garwashin ya fara yin toka.

Daga tsakar gida wata murya ta yi sallama, wasu baƙi ne daga Faskari sun zo gaisuwa. Saudatu ta gyara lulluɓinta, ta matsar da kaskon gefe da ƙafa, ta shimfiɗa tabarma.

"Ku shigo," ta ce.